Mu Ke Sauke Buhu a Bodija, Mu Ke Sayen Ƙulli a Sabo

Jama'ar Sabo, a yi haƙuri, yau da magidanta muke.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, rabin ƙarar da ake kawo mana bayan sallar asuba ta cefane ce. Maigida ya ce uwargida ba ta iya tattali ba, ita kuma ta ce abin da yake ajiyewa ko miya ba ya yi. In muka bi diddigi, sau da yawa ita ce da gaskiya.

Ku duba abin kunya. Wake, albasa, tattasai, masara, 'yan'uwanmu ne suke ɗoro su daga Arewa, mu muke sauke su a Bodija da Shasha. Bayarabiya ta zo ta sari buhu a hannunmu, ta kasa, sannan da yamma mu tura yaro ya sayo mana rabin kwango a wurinta. Manja na leda, sukari na ƙulli, komai na yau kawai. Mu masu shago mun san sirrin, kuma ba za mu ɓoye ba ko da zai taɓa cinikinmu: duk ƙanƙantar awo, ribar mai sayarwa ce take ƙaruwa. Wanda ke sayen ƙulli kullum ya fi Alhajin da ya ajiye buhu biyan tsada.

Za a ce, Malam, ina talaka ya ga kuɗin buhu? To ai ba mu ce kowa ya saya shi kaɗai ba. Mutum biyar a layi ɗaya su haɗa, su raba da kwango a gaban juna. Muna zuba adashi don biki da ɗinkin sallah, na hatsi ne ya gagare mu? Kuma wanda yake cewa babu, shi ne za ka tarar a teburin mai shayi da dare, Indomie biyu da ƙwai, ga tsire, ga katin waya, alhali yara sun kwana da gari da ruwa. Wannan ba talauci ba ne, son kai ne.

Sai maganar lokaci. Wake da masara da kaka ake sayensu, ba da bazara ba. Wake a zuba a jarka busasshiya, a cika ta har baki, a toshe sosai, ƙwari ba sa rayuwa inda ba iska. Don Allah kada a zuba masa Sniper, guba ce, 'ya'yanku za su ci. Tumatir kuwa kowa ya san yana faɗuwa lokacin sanyi in na noman rani ya sauko daga su Kadawa, ya kuma yi tashin gwauron zabo in damina ta kama. Iyayenmu yanka shi suke su shanya. Mu a nan sai mu ce ai kauɗa abincin ƙauye ne. Amma a yi shanyar da hunturu, don laimar Ibadan ba ta barin abu ya bushe.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne girman kan shinkafa. Gidan da bai ɗora ta kullum ba wai ya gaza. Yaushe tuwon masara da miyar kuka ya zama abin ɓoyo? Ɗanwake fa? Daddawa tana nan, mun bar ta muna jefa dunƙule shida a tukunya ɗaya. Shekara fiye da ɗari muna zaune da Yarbawa, har yau wani yana ƙyamar amala, ga rogo da doya a ƙofar gidansa, ba kuɗin motar Kano a kansu.

Maigida, ƙarshen watan nan ka zauna da matarka, ku lissafa kwango nawa gidan yake ci. Ita ta sani, kai ne ba ka taɓa tambaya ba. Masu son shiga sarin wake kuma su same mu a ƙofar masallaci ranar Juma'a bayan la'asar, kowa ya zo da jarkarsa.