Kafin a Goge Kwamfuta

A makon da ya shige wani malamin makaranta, maƙwabcina, ya yi mini sallama bayan sallar lisha, ya ce kwamfutarsa ta tebur, wadda a cikinta ya tara tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai na shekara huɗu, ta shiga wani hali mai ban tsoro: in ya danna makunni sai fanka ta juya, allo ya yi haske, tambarin kamfani ya bayyana, sa'an nan kafin ƙiftawar ido kome ya mutu, ta sake tashi da kanta, haka dai ba iyaka. Ya kai ta wurin mai gyara, shi kuwa ko murfin bai buɗe ba ya yanke hukuncin cewa sai an yi mata fomatin, wato a goge duk abin da ke ciki a zuba sabon Windows. Allah Ya taimaki malamin, ya ce a dakata tukuna.

Wannan hukunci da ake yankewa ba tare da tahƙiƙi ba shi nake son mu tattauna yau, domin ya zama ruwan dare a shagunan gyara, kuma asarar da yake jawowa ta fi ƙarfin kuɗin na'urar nesa ba kusa ba. Malaman fiƙihu ba su ba da fatawa sai sun fahimci surar mas'ala, likita kuma ba ya yanka sai ya san inda ciwo yake. Tambayar farko da ta wajaba a kan mai gyara ita ce: a daidai wane lokaci kwamfutar take komawa?

Dalilin tambayar kuwa shi ne, duk kwamfuta in aka kunna ta, kafin ta waiwayi Windows, sai wani ɗan tsari da ke zaune a kan babban farantinta, wanda ake kira BIOS, ya bi gaɓoɓinta yana dubawa, daga farosesa zuwa ram zuwa abin da ke aika hoto ga allo, in ya gamsu sa'an nan ya miƙa ragama ga faifan ajiya. Saboda haka in na'ura tana mutuwa tun ba a ga alamar Windows ba, galibi illar tana jikin ƙarfe, kuma goge faifan da ba a ma kai ga karanta shi ba ba zai warkar da kome ba, sai dai ya haɗa wa mai kaya musiba biyu.

A irin wannan hali, wanda na fi tuhuma a ƙasarmu shi ne akwatin wuta, wanda masu gyara ke ce wa fawa. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango mai ƙarfin bolt 230 ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3, kuma in wutar ta daidaita ya aika wa babban faranti alama cewa a ci gaba. Da zarar alamar nan ta yanke, ko na ɗan lokaci ƙanƙane ne, faranti ya koma farko. To, wanda ya san yadda wutarmu ke hawa da sauka, da yadda ake juyawa daga layi zuwa janareta sau da yawa a yini guda, da kuma cewa yawancin kwamfutocin teburinmu na hannu ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mana, ba zai yi mamaki ba in akwatin nan ya gaji. Lokacin tashi ne na'ura ke jan wuta da yawa, fankoki da faifai duk a tare, nan ne kuwa raunin ke bayyana. Hanyar ganewa mafi sauƙi ita ce a ari wani akwati mai lafiya a gwada. Amma ina gargaɗi da babbar murya: kada wanda ba gwani ba ya buɗe cikin akwatin wuta, domin kwandansojinsa na riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Bayansa sai ram. A zare wayar wuta, a cire sandunan, a goge bakinsu mai ruwan zinariya da magogin fensir a hankali, a mai da guda ɗaya a kunna, in ta ƙi a gwada ɗaya. Sai zafi, wanda ƙurar hunturu ke haddasawa in ta toshe fankar farosesa, ko man da ke tsakanin farosesa da ƙarfen sanyayawa ya bushe. Alamarsa ita ce na'ura ta ɗan jima a karo na farko, a karo na biyu ta mutu da wuri. A duba kwandansojin faranti ko wani ya kumbura, a cire duk abin da aka soka ta USB, a duba ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, har da maɓallin sake kunnawa, wanda wani lokaci yakan maƙale. Sharaɗi ɗaya ne a cikin duk wannan, a canja abu guda a gwada kafin a taɓa na biyu, in ba haka ba ko ta warke ba a san sababi ba.

In kuwa ta kan kai ga alamar Windows sa'an nan ta koma, mas'alar ta canja fuska. Windows an tsara shi ne in ya gamu da kuskure mai tsanani ya nuna shuɗin allo ya sake tashi nan take, har bayanin ya wuce ba a karanta ba. A Windows 7 akan danna F8 a hana shi wannan gaggawa. A Windows 10 da 11 kuwa, in tashi ya ci tura sau biyu a jere, da kansa yakan buɗe shafin gyara, inda za a iya shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, a cire sabon abin da aka ɗora. Duniya ta ga hujjar wannan ran 19 ga Yuli 2024, sa'ad da wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya jefa na'urori wajen miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, cikin irin wannan tashi da komawa, filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Maganin da aka bayar shi ne a shiga Safe Mode a share fayil guda ɗaya tak.

Ko da faifan ajiya ne ke mutuwa, har fomatin ko sabon faifai ya zama tilas, wajibi ne a fara ɗora shi a kan wata kwamfuta a kwafe abin da ya samu. Abin da ke cikin faifai amana ce, kuma mazhabarmu ta Malikiyya tun da daɗewa ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka danƙa musu suka keɓanta da shi. Ba na ganin takardun gado, ko karatun ɗalibi na shekara uku, sun gaza yadin da aka kai wa tela daraja.

Amma adalci ya sa in faɗi cewa mu masu kaya muna da namu laifin. Mukan tsaya a kan mai gyara muna cewa yau muke so, kuma ba mu yarda mu biya ladan bincike ba sai mun ga an sa sabon abu. Yaron da ya san awa biyun da zai ɓata yana gwada ram da akwatin wuta ba mai ba shi ko sisi a kansu, dole ya karkata ga abin da zai gama da wuri. Ina roƙon ƙungiyoyin masu gyara su yanka wa bincike farashinsa daban, mu kuma mu biya da daɗin rai.

Kwamfutar malamin dai mun kai ta wurin wani dattijon mai gyara, ya kunna ta sau uku yana kallo bai ce uffan ba, ya lura ba ta kaiwa ga Windows, ya ɗauko akwatin wuta daga wata na'ura ya haɗa, ta tashi sarai. Kafin a ɗaure murfi malamin ya aika aka sayo masa filashi, ya zauna nan a bencin shagon ya kwafe jarrabawarsa duka.