Kada a ƙara tura yaranmu cikin rami ba tare da abin da zai riƙe ƙasa ba



A daminar da ta wuce mun zaga da kokon taimako saboda wani yaronmu lebura. Yana cikin ramin fandisho a wani wurin gini da ke gangare, zurfin ramin ya fi tsayinsa, sai gefe guda ya zaftaro ya binne shi har ƙirji. Abokan aikinsa suka tono shi da hannu da shebur. Ya rayu, amma ƙugunsa ya karye, har yau da sanda yake tafiya. Ɗan kwangilar ya biya kuɗin asibiti na kwanakin farko, daga nan wayarsa ta daina shiga. Da muka je muka ga wurin, ko guntun katako ba a tokare bangon ramin da shi ba.

Mun yi addu'a, mun haɗa abin da ya sawwaƙa. Yanzu muna son mu faɗi abin da ba mu faɗa ba a lokacin. Ruftawar ƙasa abu ce da aka san dalilinta, aka kuma san maganinta fiye da shekara ɗari. Mu da 'ya'yanmu ke shiga ramukan nan a Ibadan, ya kamata mu san maganin, mu san sunansa, mu kuma nemi a kawo shi kafin a fara haƙa.

Mita ɗaya ta ƙasa, tsawo da faɗi da zurfi, tana kai nauyin tan ɗaya da rabi zuwa biyu, nauyin ƙaramar mota ke nan. Wanda ta danne wa ƙirji ba ya iya jan numfashi ko da kansa yana waje. Da rani bangon rami yakan tsaya cak kamar an yi masa yaɓe, wannan ke ruɗin mutane. Da ruwa ya jiƙa shi sai nauyi ya ƙaru, ƙasar ta saki jikinta. A ƙara da tulin ƙasar da aka jibge a bakin ramin, da tifa da ke wucewa tana girgiza wurin, shi ke nan. A Amurka doka ce: ramin da ya kai ƙafa 5, wato mita ɗaya da rabi, ba a shigarsa sai an kare bangonsa, in ba cikin dutse tsantsa aka haƙa shi ba. Masu haƙar rijiyarmu ma sun san wannan. Shi ya sa suke saukar da zoben kankare idan sun iske ƙasa mai taushi.

A manyan ayyuka, abin da ke yin aikin zoben nan shi ne fallen ƙarfe mai ƙugiya. Duk wanda ya taɓa bi ta gefen ruwa a Legas, ko ya ga inda ake kafa ƙafar gada, ya ga irinsa: dogayen fallayen ƙarfe masu lanƙwasa kamar kwanon rufi, sai dai kauri, an jera su a tsaye sun zama katanga. Faɗin falle ɗaya yakan kama daga santimita 40 zuwa 80, tsawonsa mita 6 ko 12, wani ya wuce 20. Lanƙwasar ce ke ba shi ƙarfi, kamar yadda kwano mai tudu da kwari ya fi shimfiɗaɗɗen falle juriya. Wasu lanƙwasarsu kamar harafin U take, wasu kamar Z.

Sirrin abin yana gefensa. Kowane falle yana da ƙugiya daga sama har ƙasa, wadda ake zura ta cikin ta ɗan'uwansa. Ana ɗaga na biyu sama, a saka bakin ƙugiyarsa cikin ta na farko, a sauke shi yana zamewa har ya shiga ƙasa. Haka za a yi ta jerawa har a kewaye wurin. Idan ƙasa ta turo falle ɗaya, na kusa da shi suna riƙe da shi. Yashi ba ya samun kafar bi, ruwa ma kaɗan ke tsattsafowa, sai a janye shi da famfo. Sai an gama kafa katangar ake fara haƙa a cikinta, don haka lebura ba ya taɓa tsayawa gaban ƙasa tsirara.

Wani injiniya mai suna Tryggve Larssen ne ya fito da wannan tsari a birnin Bremen na ƙasar Jamus a 1902. Da farko da ƙusoshi ake manna ƙugiyar a jikin fallen, zuwa 1914 aka iya murza ƙarfen ya fito da ƙugiyarsa a jiki guda. Har yau ana kiran wannan ƙugiya da sunansa. Hanya biyu ake ƙera shi. Ta farko, a gasa ƙarfe har zafinsa ya kai wajen digiri 1,200, a bi da shi ta tsakanin manyan na'urorin murza har ya ɗauki siffa. Irin wannan ya fi kauri, ƙugiyarsa ta fi matsewa, shi ake kai wa tashar jiragen ruwa da wurare masu zurfi. Ta biyu, a lanƙwasa shimfiɗaɗɗen ƙarfe ba tare da an gasa shi ba. Wannan ya fi araha, amma ƙugiyarsa sako-sako take, ruwa ya fi bi, ya dace da ƙananan ayyuka.

Muna jan hankalin masu waldarmu a nan. Mun ji wasu na cewa ai wannan ba wani abu ba ne, a kawo tsofaffin fallaye a haɗa. A'a. Idan ƙugiya ta kauce kaɗan, fallen zai cije a rabin hanya, ko ya ɓalle daga ɗan'uwansa a can ƙarƙashi inda ido ba ya gani, sai ranar da aka haƙa ƙasa ta kwararo ta wurin. Zurfin da za a kafa shi ma lissafi ne. Katangar da ba a tokare ta ba, sau da yawa abin da ke binne a ƙasa ya fi abin da ke sama tsawo, wani lokaci ya ninka shi. Injiniya ne zai auna irin ƙasar, da inda ruwa ya tsaya a cikinta, da nauyin ginin maƙwabci, sannan ya faɗi kaurin falle da tsawonsa, da ko sai an gitta masa tokari daga ciki. Katangar da aka yi da ka ta fi rashinta haɗari, domin tana sa mutum ya saki jiki.

Me ya haɗa Ibadan da wannan? Ruwa. Dattawanmu na Sabo ba su manta da ambaliyar Ogunpa ta 31 ga Agusta 1980 ba. Mu da muke yara a lokacin, ko aka haife mu bayanta, mun ga ta 26 ga Agusta 2011 da idonmu, wadda ta ci rayuka sama da 100, ta karya gadoji, ta lalata wani ɓangare na madatsar Eleyele da aka gina tun 1942. Bayanta ne, a 2014, Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 don aikin shawo kan ambaliya a Ibadan. Garin nan tuddai ne da kwaruruka, kowane kwari da rafinsa: Ogunpa, Ona, Kudeti, Ogbere. Fili ya yi tsada a kan tudu, gini ya gangara bakin rafuka, inda ƙasa laka ce da yashi, ruwa kuma yana kusa. A nan ake haƙa fandisho da kwalbati da lambatu da ramin tankin mai. Ku duba su wa ke cikin ramukan da diga da shebur. Da yawansu yaranmu ne, daga Sabo da Sasa da Ojoo, wasu ma 'yan cirani ne da ba su cika wata biyu a gari ba.

Mun san abin da 'yan kwangila za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za su ce tsada. Gaskiya ne, fallen nan daga waje ake shigo da yawancinsa, da dala, kuma kafa shi sai da injin ɗaga kaya da injin da ke girgiza shi ko buga shi har ya nutse. Amma su faɗi sauran maganar. Fallen da aka kafa don aikin wucin gadi ana zare shi idan an gama, a kai shi wani wurin, a yi ta amfani da shi sau da yawa. Ana iya ɗaukar hayarsa. Su kuma sa a ma'auni kuɗin sake haƙa ramin da ya rufta, da katangar maƙwabci da ta tsage, da aikin da ya tsaya. Ran mutum kuwa ba ya hawa ma'auni.

Za su ce Ibadan ba Legas ba ce, ƙarƙashinta dutse ne. Wannan ma gaskiya ne a wurare da yawa, kuma fallen ƙarfe ba ya huda fa. Idan aka matsa masa sai bakinsa ya lanƙwashe, ƙugiya ta yage. Girgizar injin ma tana iya tsaga tsofaffin gidaje idan sun matsu da juna kamar namu na Sabo, ko da yake tun 1975 wani kamfanin Japan mai suna Giken ya ƙera injin da ke danna fallen a hankali ba bugu ba girgiza. Saboda haka ba mu ce a kafa ƙarfe a kowane rami ba. Inda akwai fili, a kwantar da bangon ramin ya zama gangare ko a yi masa matakala. Ƙaramin rami, katako mai kauri da tokari sun isa idan wanda ya sani ne ya tsara. Inda ƙasa ke da taushi, ruwa na ɓulɓulowa, zurfi ya yi yawa, ga gini a gefe, nan ne wurin ƙarfe. Gwajin ƙasa ne zai raba gardama. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce babu ko ɗaya.

Akwai wani abin da ke ci mana rai. Babbar masana'antar ArcelorMittal da ke Belval a ƙasar Luksambog, wadda fallayenta suka yi suna a duniya, tsofaffin ƙarafa take narkawa da wutar lantarki ta ƙera su. Wato irin kayan da 'yan gwangwan ɗinmu ke turawa a kura daga safe zuwa magariba. Namu ana loda su a tirela zuwa masana'antun Ikorodu da Ogijo, su dawo mana a matsayin rodi. Ƙasar nan ta fara aikin Ajaokuta tun 1979 tare da Tarayyar Sobiyet, ta gina na Aladja, ta kafa masana'antun murza ƙarfe a Osogbo da Jos da Katsina. Osogbo ga ta nan kusa da mu. Shekara fiye da 40 ke nan, babbar tukunyar narka tama ta Ajaokuta ba ta fara aiki ba. Ƙasa mai gaɓar teku da Neja da Binuwai, mai ambaliya kusan kowace shekara, ta cancanci ta ƙera ƙarfen da zai riƙe bakin ruwanta. Idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, wannan ma tambaya ce da za mu ajiye musu, bayan ta kwalta da taransifoma.

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu. Duk shugaban leburori da ke ɗibar yara daga unguwanninmu, ya je ya ga wurin aiki da kansa kafin ya yi ciniki. Idan rami zai wuce ƙirjin mutum, ya tambayi da me za a riƙe shi, kuma wane injiniya ne ya tsara. Injiniyan gaskiya yana da rajista da COREN, ba ya jin haushin a tambaye shi. A ja tulin ƙasa nesa da bakin rami. A ajiye tsani a ciki. Bayan an yi ruwan dare, kada kowa ya sauka sai an duba bango. Wanda ya ga tsaga a bakin rami, ko ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan, ya fito, ya kira 'yan'uwansa su fito.

Mun san yaron da ya ƙi shiga rami yana tsoron a sallame shi a ɗauki wani, ga shi ya baro iyali a gida suna jiran aike. Shi kaɗai ba zai iya ba. Amma idan shugabannin leburorinmu suka haɗa baki, ɗan kwangila ya je Sasa ya ji amsar da ya ji a Sabo, dole ya sayi katako ko ya yi hayar ƙarfe. Muna roƙon sarakunanmu da masu unguwanni su sa baki a wannan. Mu kuma sani akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Wanda ya ji rauni a bakin aiki haƙƙinsa yake nema, ba alfarma ba. A riƙa rubuta sunan ɗan kwangila da adireshin wurin aiki tun ranar farko, a kawo wa ƙungiya kwafi.

Ga matasanmu masu difloma da masu walda, akwai abinci a wannan fanni. Ana buƙatar mai tuƙa injin kafa falle, da mai yanka da haɗa tokari, da mai gwajin ƙasa, da mai duba ƙugiya kafin a kafa. Duk aikin gada da magudanar ruwa da za a yi a garin nan yana neman irin waɗannan hannaye. Ba dole ne a ce kullum mu ne a ƙasan rami, wasu ne a kan inji ba.

A zamanmu na wata mai zuwa za mu sa wannan magana a gaba. Muna gayyatar shugabannin leburori, da birkiloli, da masu haƙar rijiya, da duk wani ɗanmu injiniya da ke Ibadan, ya zo ya yi mana bayani da harshenmu. Yaron da muka ambata ya ce zai zo da sandarsa ya faɗi yadda abin ya faru.

Allah ya ba shi lafiya, ya tsare mana sauran.

Sakataren ƙungiya
Sabo, Ibadan