Kada Kayan Gwajin Zazzaɓi Su Yanke a Asibitocinmu

Daga ɗaliba 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare

A wannan makon ina so in yi magana a kan wani ɗan abu da bai fi tsawon yatsa ba, amma rashinsa yana iya jawo asarar rai. Wannan abu shi ne ɗan faifan gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda malaman asibiti suke kira RDT.

Yadda yake aiki ba wuya. Malamin asibiti zai tsaki yatsanka, ya ɗiga jini kaɗan a kan faifan, ya ƙara wani ruwa na musamman. Bayan minti 15 zuwa 20 sakamako zai fito. Layi biyu yana nufin akwai maleriya, layi ɗaya yana nufin babu. Ba ya bukatar wutar lantarki ko madubin likita, shi ya sa ya dace da ƙananan asibitocin ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan.

Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yin gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Wasu za su ce, ai kowa ya san zazzaɓin damina na sauro ne, me ya sa sai an gwada? Gaskiya ne maleriya ta yi mana yawa, domin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya suna Najeriya. Amma ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. Taifot da ciwon haƙarƙari da sanƙarau duk suna zuwa da zazzaɓi. Idan aka ba yaro maganin maleriya alhali ciwon haƙarƙari ke damunsa, an yi asarar kuɗi, kuma ainihin ciwon yana can yana cin sa.

To idan uwa ta goyo ɗanta daga ƙauye, aka ce mata kayan gwaji sun ƙare, me za ta yi? Ko malamin ya ba da magani da ka, ko ta wuce kemis, ko ta nemi kuɗin mota zuwa babban asibiti. Wadda ba ta da kuɗin sai ta koma gida.

Kafin faifan nan ya iso gare mu yana yin doguwar tafiya. Yawanci a ƙasashen waje ake yin sa, kamar Koriya ta Kudu da Indiya. Daga can a kawo shi Najeriya, a ajiye a manyan sito, sannan a rarraba wa asibitoci. A jiharmu akwai hukumar KADHSMA mai kula da kayan asibiti, kuma jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255 da ake son kaya su isa. Duk inda aka sami tsaiko a wannan hanya, mai zazzaɓi ne yake shan wahala.

Tsaikon yana zuwa ta hanyoyi da yawa. Idan asibiti bai rubuta adadin da ya yi amfani da shi ba, ko bai tura rahoto da wuri ba, masu rabo ba za su san ya kusa ƙarewa ba. Zazzaɓi ya fi yawa a watannin Agusta da Satumba, kuma a lokacin ne hanyoyin ƙauye suke lalacewa. Zafi ma yana ɓata faifan, don haka idan ya daɗe a ɗakin kwano a watan Afrilu yana iya ba da sakamakon ƙarya. Yana kuma da ranar da wa'adinsa zai ƙare.

Na ji wasu suna cewa jirgi marar matuƙi ya magance wannan. Lallai a 2022 kamfanin Zipline ya fara kai kayan asibiti daga Pambegua da ke ƙaramar hukumar Kubau, maƙwabtanmu. Wannan ci gaba ne. Sai dai jirgin ƙaramin kaya yake ɗauka, kuma ba ya tashi sai an nema. Idan ba a ƙirga abin da ya rage a sito ba, wa zai nema?

Ga shawarwarina. Na farko, hukuma ta kai wa asibitocin ƙauye isassun kayan gwaji tun watan Mayu ko Yuni, kafin ruwa ya kankama. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, kowane asibiti ya riƙa ƙirga kayansa duk mako, ya nemi ƙari tun da sauran. Na uku, a ajiye su a wuri mai sanyi, a fara amfani da waɗanda wa'adinsu ya fi kusa. Na huɗu, masu unguwanni da kwamitin lafiya na mazaɓa su riƙa leƙawa suna tambaya, kuma idan asibitin da ke kusa yana da rara a raba da wanda ya rasa.

Mu ma ɗalibai muna da namu aikin. Idan ƙaninka ko ƙanwarka ta yi zazzaɓi, ka roƙi Baba da Inna cikin ladabi a je a gwada kafin a sayi magani. A Makarfi akwai Kwalejin Shehu Idris da ke horar da ma'aikatan lafiya, kuma wasu daga cikinmu can muke burin zuwa. Bai kamata a horar da mutum yin gwaji, sannan a tura shi asibitin da babu abin gwajin ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.