Bayan an naɗe tabarmar makoki

A ƙasar Hausa rashi ba ya samun mutum shi kaɗai. Da zarar an dawo daga maƙabarta sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta su ɗauke wa iyalan mamaci girki, dangi su zo daga kusa da nesa, a yi zaman makoki na kwana uku, wasu su ƙara da sadakar bakwai da ta arba'in. Kuma ba mutuwa kaɗai aka tanadar wa gaisuwa ba. Wanda ya yi gobara ko aka yi masa sata ana zuwa masa jaje, a ce Allah ya mayar da alheri. Marar lafiya ana zuwa masa dubiya. Matar da ta rasa jariri ana ce mata Allah ya sa mai ceto ne. Magabata sun ba kowane irin rashi sunansa da addu'arsa da mutanen da za su tsaya a kansa.

Abuja ba a kan wannan tsari aka gina ta ba. Tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, akasarin ma'aikatan da suka cika birnin baƙi ne, iyayensu da danginsu na Katsina ko Yola ko Makurɗi ko Inugu. Maƙwabcin da ke bayan katanga a Gwarinpa ko Lokogoma ba lallai ne ya san sunanka ba, balle ya san an yi maka rasuwa. Ma'aikaci zai sami kira cikin dare, ya kama hanyar gida da asuba, ya yi kwanakin da aka ba shi, ya dawo ranar Litinin ya tarar da fayil-fayil sun taru a kan teburinsa. A can aka shimfiɗa tabarmar, a can aka naɗe ta. A nan ba wanda ya ga hawayensa, saboda haka ana ɗauka ya warke.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, a Abuja ofis shi ne zauren da ya rage wa ma'aikaci. Mutanen da yake wuni da su kwana biyar a mako su ne maƙwabtansa na zahiri. Nauyin da unguwa ke ɗauka a gida ya dawo wuyan abokan aiki da shugabanni, da kuma gwamnatin da ta ɗauke shi aiki. Har yau ba mu ɗauki wannan nauyi yadda ya kamata ba.

Birnin nan ya ga rashi iri-iri. A ranar 26 ga Agusta 2011 an kai hari ginin Majalisar Ɗinkin Duniya, mutum fiye da 20 suka rasu. A ranar 15 ga Maris 2014 matasa masu neman aiki a hukumar shige da fice suka mutu a turmutsutsu a babban filin wasa na ƙasa. Wata guda bayan haka, da safiyar 14 ga Afrilu, bam ya tashi a tashar motar Nyanya a daidai lokacin da jama'a ke haramar shiga gari neman abinci, ya hallaka fiye da mutum 70. A daren ranar aka sace 'yan matan Chibok, hankalin duniya ya koma can, iyalan mutanen Nyanya suka ci gaba da kukansu a ɗaka. Duk lokacin da irin wannan ta faru, abin da ke biyo baya sananne ne: sanarwar alhini, ziyarar asibiti, alkawura, sa'an nan shiru. Amma marayu a cikin shirun nan suke girma, kuma a cikinsa ne kuɗin haya da na makaranta ke zuwa.

Akwai kuma rashin da ba shi da kabari. Lokacin da 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a daren 28 ga Maris 2022, sun kashe aƙalla mutum 8, suka tafi da fiye da 60 cikin daji. Jirgin nan shi ne hanyar ɗimbin ma'aikatan da iyalansu ke Kaduna. Sai ranar 5 ga Oktoba aka sako mutum 23 na ƙarshe. Sama da wata shida iyalansu suka yi tsakanin fata da fargaba: ba a yi rasuwa ba balle a zo ta'aziyya, ba a kuma dawo ba balle a zo barka. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta sha bayyana cewa mutanen da aka yi rajistar ɓacewarsu a Najeriya sun haura 20,000. Bayan kowane suna akwai gidan da ya kasa yin makoki kuma ya kasa daina jira. Labarin Annabi Yaƙub, wanda Musulmi da Kirista duka suka sani, labarin irin wannan rashi ne, na uban da ya yi shekaru bai ga ɗansa ba kuma bai ga gawarsa ba.

Wani rashin kuma kunya ke rufe shi. Hadimin minista ko na ɗan majalisa ya san kujerarsa a jingine take da ta maigidansa. Ranar da aka sauya gwamnati ko aka yi wa majalisar ministoci garambawul, albashi ya tsaya, wayar da ba ta hutawa ta yi tsit, waɗanda ke layi a ƙofarsa suka koma wata ƙofar. Waɗanda suka yi aiki da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya rasu a ranar 5 ga Mayu 2010, da yawansu sun rasa maigida, suka kuma rasa matsayi a lokaci guda. Ma'aikacin da ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki shi ma yana ajiye abin da aka san shi da shi tsawon rayuwarsa. Haka wadda aurenta ya mutu, da wadda ta yi ɓari ta dawo ofis ba wanda ya sani, da wanda aka rushe masa gidan da ya tara gumin shekaru ya gina. Duk waɗannan sun cancanci jaje, amma da wuya wani ya taka ya je.

Mukan ce haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Sai dai mun mayar da kalmar makulli, muna rufe bakin mai kuka da ita. Haƙuri bai hana hawaye ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib har yau Shekarar Baƙin Ciki ake kiran ta a tarihi. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, umarnin da ya bayar shi ne a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Wato ta'aziyya aiki ce kafin ta zama magana.

Masana lafiya ma a nan suka tsaya. Yawancin mutane kan sami sauƙi sannu a hankali idan suna da masu tallafa musu, kowa da nasa lokacin. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, ta amince cewa akwai baƙin cikin da kan zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, kuma yana buƙatar magani. Abokin aikin da ya daina barci, ya daina cin abinci, yake ta kuskure a aikin da ya ƙware a kai, ko yake furta cewa gara ya bi mamacin, ba raunin imani ke damun sa ba. Likita yake buƙata, tare da addu'a.

To mene ne abin yi? Ga abokan aiki, zumunta a ƙafa take. Saƙon WhatsApp a zauren ma'aikata bai kai matsayin zuwa gida ba. A je, a zauna, a saurara fiye da yadda za a yi magana. Kada a ce “in kana buƙatar wani abu ka faɗa”, domin mai makoki ba zai faɗa ba. A ɗauke masa wani aiki, a kai masa yara makaranta, a bi masa takarda. A guji yi masa lissafin waɗanda suka fi shi shiga uku. Mafi muhimmanci, a koma bayan wata ɗaya, da bayan wata uku, da ranar Sallah ko Kirsimeti ta farko, lokacin da kowa ya watse.

Ga daraktoci da manyan sakatarori, hutun jinƙai da dokokin aikin gwamnati suka tanada haƙƙi ne, kada a mayar da shi alfarmar da sai an yi roƙo. Gwamnatin da ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da aka yi wa haihuwa a 2021 za ta iya duban ɗaya gefen rayuwa. Ma'aikaciya Musulma da mijinta ya rasu tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma. Ya kamata Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya shimfiɗa tsari guda bayyananne na sassauta mata aiki a wannan lokaci, ita da duk wadda addininta ko al'adarta ta ɗora wa zaman makoki, yadda lamarin ba zai dogara da kirkin shugabanta ba.

Sai batun haƙƙin mamaci. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ya tara a asusun fanshonsa. Wannan kuɗi na marayu ne. Duk watan da gwauruwa ta ƙara tana zarya tsakanin ma'aikata da kotu da kamfanin fansho, an ƙara mata wani makokin ne. Muna kira da a ware jami'i ɗaya a kowace ma'aikata da zai riƙe fayil ɗin mamaci har a biya, a kuma sa wa'adin da za a tuhumi wanda ya saɓa. Haka nan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ya kamata a gan ta a aikace: a samar da ƙwararrun masu ba da shawara da ma'aikaci zai gani cikin sirri, ba tare da fargabar abin zai shiga fayil ɗinsa ba.

Shi ma ma'aikaci da nasa aikin. Mutuwa rigar kowa ce. Ya duba sunan magajin da ya rubuta tun ranar da aka ɗauke shi aiki, wataƙila tun kafin ya yi aure. Ya rubuta wasiyya bisa tsarin addininsa, ya sanar da iyalinsa inda takardunsa suke da kamfanin da ke riƙe da fanshonsa. Yin haka ba kiran ajali ba ne, sauƙaƙa wa na baya ne.

A kowane bene na Sakatariyar Tarayya akwai wanda ya dawo aiki da rashi a zuciyarsa, na mutuwa ko na wani abin daban. Kowannenmu ya san aƙalla mutum ɗaya. A neme shi cikin makon nan, a tambaye shi ya haƙuri, sa'an nan a tsaya a ji amsar. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya dawo da waɗanda suka ɓace, ya ba na raye juriya da masu tsaya musu.