RA'AYINMU: Katin Jarrabawa Ba Na Malami Kaɗai Ba Ne

Shekarar karatu ta ƙare, yara sun kawo katin jarrabawa gida. A Sabon Ibadan da Agege, iyaye nawa ne suka duba shi?

Tun 1955 Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta, a 1976 kuma shirin UPE ya game ƙasa. Amma yarinyar da ta yini talla, da yaron da aka kai gida duk damina, yaya za su ci jarrabawar shiga sakandare?

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da iyaye: a halarci taron iyaye da malamai, a nemi darasin yamma ga masu rauni a lissafi da Turanci, a hana fashin makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.