Sabuwar Tirela: Wa Ya Gwada Birkinta?

'Yan'uwa manoma, kaka ta matso, jam'iyyu da dama kuwa sun tara kuɗi sun sayi sabuwar tirela domin kwasar amfanin gona. Abin murna ne. Amma a yawon da muke yi ƙauye ƙauye mun lura da abu guda. Ranar da tirela ta iso, akan duba fenti, a ƙwanƙwasa bodi, a yi gardamar buhu nawa za ta ɗauka. Da wuya ka ji wani ya ce, "To, birkin fa?" In ma an tambaya, sai a ce ai sabuwa ce. Mu dai ra'ayinmu shi ne kada tirela ta ɗauki ko buhu ɗaya sai an gwada birkinta a gaban kwamiti. In aka sami aibi, a mai da ita wurin wanda ya sayar tun ba a ɓata ta ba.

Bari mu yi lissafi tukuna. Buhun masara kilo 100 ne. Buhu 50 ya zama tan 5 ke nan, ban da nauyin tirelar kanta, wanda yakan kai tan ɗaya ko fiye. Tarakta irin wadda yawancinmu ke haya, mai ƙarfin doki 75, nauyinta bai wuce tan 3 ba sosai. Ashe abin da ke baya ya ninka abin da ke gaba. Ga shi kuma birkin irin wannan tarakta a ƙafafun baya kaɗai yake. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba a ganin laifin haka. A gangara ne kaya ke tura tarakta, gindinta ya goce gefe, tirela ta naɗo ta. Gudu kuma yana da nasa hukunci: in direba ya tashi daga kilomita 15 a awa zuwa 30, nisan da zai ci kafin ya tsaya ya ninka sau huɗu, ba sau biyu ba.

Saboda haka ne a Ingila doka ta ce tirelar da mota ke ja, in nauyinta da kaya ya wuce kilo 750, tilas ta kasance da birkin kanta. Kilo 750 bai kai buhu 8 ba. Mu kuwa muna ɗora 50 a kan tirelar da mai walda ya haɗa da ƙafafun tsohuwar mota, babu birki ko na tsayawa. Ba muna zargin masu walda ba ne, gama abin da aka biya su shi suka yi. Kwamiti ne ya zaɓi mai araha.

Ko tirelar da ta zo da birki, ya kamata a san wane iri ne. Akwai wanda ke aiki da turi: sa'ad da tarakta ta rage gudu, tirela ta danno ƙarfen da ya haɗa su, wannan dannawa ce ke jan birki. Irin wannan na ƙananan tireloli ne. A tsofaffin samfura yana kama ƙafa in ana komawa baya, don haka akwai ɗan ƙarfe da ake karawa a hana shi. Direba ya gama ribas, ya manta bai cire ƙarfen ba, shi ke nan zai yi tafiyar yini guda babu birki, bai kuwa sani ba. Akwai mai aiki da mai, wanda tiyonsa ke shiga bayan tarakta. A nan ne muka fi ganin ruɗu. Taraktoci da yawa ba su da bawul na birkin tirela, sai mahaɗin da ke ɗaga bodi a juye kaya. Mutane su ga tiyo a haɗe su ɗauka birki ne. Kafin a biya kuɗi, a tambayi dillali ko taraktar da za ta ja tirelar tana da wurin haɗa birkin. In babu, an sayi birki ne na ado.

To, me ya sa sabon birki zai ƙi kamawa? Sabuwar leda ba ta zauna daidai a cikin durom ba tukuna. Gefe kaɗan ne ke taɓawa, sai ta ɗan cinye kafin fuskarta duka ta kama. In ta zauna kuma, tazara ta buɗe, sai an sake ɗaurewa. A Amurka, inda mutane ke jan tirela mai ɗaki da gado a bayan mota su tafi hutu, masu ƙera ƙafafun sukan rubuta cewa a gyara zaman birki bayan mil 200 na farko, watau kamar kilomita 320. Waɗannan a kan kwalta suke tafiya. Ina ga tamu, wadda ke shiga rafi da taɓo? Ban da wannan, tirela takan daɗe a filin dillali ruwan sama na dukanta, durom ya yi tsatsa, waya ta cije. Wani lokaci kuma giris ya yi yawa a wurin haɗi ya malalo kan leda. Ledar da ta sha giris ba ta wankuwa, sai canji.

Gwajin ba shi da wuya, awa biyu ta isa. A sa weji, a ɗaga ƙafa ɗaya da jak, a juya ta da hannu, wani ya ja birki. Ta tsaya cak. A saki, ta juya da ɗan gogawa kaɗan. A yi wa kowace ƙafa haka. Sa'an nan a fita fili babu kaya, a yi tafiya a hankali ana taka birki ana saki kamar sau 20. A sauka a kai hannu kusa da durom, kada a taɓa. In ɗaya da ɗumi ɗaya da sanyi, ƙafa ɗaya ce ke aiki, kuma ranar kaya za ta ja tirela gefe. In ɗaya ya yi zafi har da ƙauri, yana kamawa ne ba ya saki. Bayan haka a gwada da rabin kaya a ƙaramar gangara wadda ba mutane. A bi notin ƙafa da sifana bayan tafiyar farko, gama sabon noti yana kwancewa.

Yanzu ga inda muke saɓawa da wasu shugabanninmu. Birki ya fara kamawa a tsakiyar kaka, sai a kira makanike na bakin hanya, shi kuwa hanya mafi sauƙi a gare shi ita ce ya cire sandar birki ko ya toshe tiyo. Tirela ta tafi sumul, kowa ya yaba masa. Sukan ce mana, "Malam, in mun mai da ita birni, mako biyu ke nan, masara tana ƙasa, gara na ci." Gaskiya ne, ba mu raina wannan hasara ba. Amma da an yi gwajin tun ranar da ta iso, da mako biyun ya faɗo kafin girbi. Kuma da zarar wani ya kwance birkin, dillali ya sami hujjar cewa ku kuka ɓata, garanti ya tashi. Haka nan mai: wani birki yana shan man birki irin na mota, wani kuwa man haidurolik. In aka zuba wanda ba nasa ba, robobin ciki su kumbura su lalace. A karanta abin da aka rubuta a murfi, kada a yi ta ka.

Kada kuma a bar wa direba nauyin shi kaɗai. Sau da yawa yaro ne ɗan haya, ba ya iya ce wa shugaba a'a. Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da gangara ke yi wa motar da birkinta ya ɗauke, ƙaramar gangarar rafin ƙauyenku ma ta isa ta kifar da tan 6. Mu kuwa mun san su wa ke zaune a kan buhunan: matanmu masu roro da 'ya'yanmu. Kwamiti ya rubuta a littafin jam'iyya cewa ba a hawa kan kaya, ba a sauka gangara a firi ko da taka kuloci, giyar da aka hau da ita da ita ake sauka, kuma fedar birki biyu na tarakta a haɗe suke muddin ana kan hanya.

Jam'iyyar da ba ta riga ta saya ba, muna ba ta shawara ma'aji ya riƙe wani kashi na kuɗin sai bayan gwaji, a kuma rubuta wannan sharaɗi a jikin rasit. Wadda ta riga ta sayi marar birki, ta rage lodi zuwa abin da bai fi nauyin tarakta ba, ta yi sawu biyu, har a tara kuɗin sa ƙafafu masu birki bayan an sayar da amfanin bana.