Ɗumin Fata Bai Isa Shaida Ba a Kan Sankarar Mama

Mata da yawa suna gudun mamogaram, wato hoton eksire na mama, saboda matsewar da na'urar ke yi da kuma tsoron haskenta. Wannan ne ya buɗe kasuwar hoton zafin jiki: kyamara ce mai ganin ɗumin fata, ba ta taɓa jiki, ba ta kuma harba haske. Masu tallarta kan ce ita kaɗai ta wadatar, amma bincike bai goyi bayansu ba.

Asalin dabarar ba shirme ba ne. A 1956 wani likitan fiɗa a Kanada, Ray Lawson, ya lura cewa fatar da ke saman ƙarin sankara ta fi ta kewayenta ɗumi, domin ƙarin yakan janyo jini mai yawa don ya ci ya girma. Sai dai maruru ma yana ɗumama fata, haka kowane irin kumburi, alhali ƙaramin ƙari da ya nutse can ciki ba lalle ne zafinsa ya iso waje ba. An saka hanyar cikin wani babban shirin gwajin mata a Amurka, aka janye ta a 1977. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta sake gargaɗin cewa ba ta maye gurbin mamogaram. Haɗarin yana kan matar da aka ce mata lafiya lau, ta koma gida da cuta tana yaɗuwa.

Akwai hanyoyin da suka fi cancantar a kula da su. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, yana aiki da sauti ne, yana kuma bambance ƙari mai ruwa da mai tauri. A Japan, wani bincike kan mata kusan 73,000 'yan shekara 40 zuwa 49 ya nuna cewa haɗa shi da mamogaram ya gano kashi 91 cikin ɗari na masu cutar, mamogaram shi kaɗai kuwa 77, ko da yake ya ƙara yawan waɗanda aka tsorata a banza.

Abin mamaki, hannu ma na'ura ne. A Mumbai ta Indiya an horar da mata ma'aikatan lafiya su riƙa laluben mama, aka bi mata fiye da 150,000 tsawon shekara 20. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakanin 'yan shekara 50 zuwa sama. Ga ƙasashe irin Nijeriya da Nijar, inda mamogaram ke da ƙaranci kuma yawancin masu cutar kan isa asibiti a makare, nan ya kamata kuɗin horarwa ya tafi.

Duk da haka, waɗannan hanyoyi zargi kawai suke tayarwa. Tabbatar da sankara sai an tsakuro ɗan nama da allura an duba shi a madubin likita.